Littafin Robert's Rules of Order a zauren kansiloli: inda yake aiki da inda ya gaza

Duk majalisar ƙaramar hukumar da ta taɓa tashi baram-baram a kan wa ke da ikon magana, ko a kan ƙuri'ar da aka ƙidaya aka yi kunnen doki, ba za ta rasa mai ba ta shawarar ta sayi Robert's Rules of Order Newly Revised, littafin ƙa'idojin tafiyar da taro, ba. Shawarar ba ta da aibu. Sai dai sayen littafin daban, sanin gurbin da za a ba shi a cikin dokokin majalisa daban, kuma a wannan na biyun ne ake yawan yin tuntuɓe.

Henry Martyn Robert injiniya ne a rundunar sojan Amurka. Ya fitar da bugun farko a 1876, ɗan ƙaramin littafi da ake sawa a aljihu, domin ƙungiyoyin da mambobinsu suka fito daga jihohi daban-daban, kowa da irin tsarin taron da ya saba da shi. An yi masa babban gyara a 1915, aka sake wani a 1970. Wanda ke aiki yanzu shi ne bugu na 12, na shekarar 2020, kuma ya haura shafi 700. A lura wajen saye: kasuwa cike take da littattafan da ke ɗauke da sunan Robert, wasu tsohon bugun 1915 ne aka sauya wa bango, wasu kuma taƙaitawa ce ta wasu marubutan. A duba bangon, a tabbata an ga Newly Revised da lambar bugu na 12. Idan rabin kansiloli na riƙe da wani bugu, sauran na riƙe da wani, gardamar da aka sayi littafin don a kashe ta sai ta ƙara haihuwa.

Abin da ya fi burge mai aiki da wannan bugu shi ne yadda aka sa wa kowane sakin layi lamba. Sashe 63 ne a cikinsa, kuma maimakon a ce a duba shafi kaza, sai a ce 49:21, wato sashe na 49 sakin layi na 21, ko 45:4. Wannan ƙaramin abu ne mai babban amfani, domin mai bango mai tauri da mai bango mai laushi da wanda ake karantawa a waya duk lambarsu ɗaya. Akwai kuma wasu shafuka masu launi daban kusa da ƙarshe, inda aka zana jadawalin kowane ƙudiri: ko yana buƙatar mai mara baya, ko ana muhawara a kansa, ko ana iya yi masa gyara, da yawan ƙuri'ar da yake nema. Akawun majalisa ya sa alama a waɗannan shafukan tun ranar farko. A tsakiyar zama babu mai lokacin karanta babi guda.

Babban abin da ya kamata a gane shi ne ba don hukumomin gwamnati aka rubuta littafin ba. An gina shi ne a kan ƙungiyar da mambobinta suka haɗu da yardarsu, su ke da dukiyarta, su kaɗai hukuncinta ya shafa. Majalisar ƙaramar hukuma kuwa doka ce ta kafa ta, kuɗin jama'a take rabawa, kuma hukuncinta yana hawa kan mutanen da ba su da kujera a zauren. Littafin da kansa bai ɓoye wannan ba. A sashe na 2 ya jera dokoki hawa-hawa, ya sa dokar ƙasa a sama, sai kundin da ya kafa hukumar, sai dokokin da ta rubuta wa kanta, sannan shi. Don haka majalisar da ta rubuta layi ɗaya tak cewa za ta riƙa bin littafin Robert, ta rufe takarda, ba ta gama aiki ba. Ta ɗauko abin cike giɓi ta mai da shi ginshiƙi.

Sakin layin da ya fi kowane muhimmanci ga kansiloli, kuma wanda aka fi tsallakewa, shi ne 49:21. Ya ce idan mahalarta ba su wuce kimanin 12 ba, ana sassauta tsarin. Mamba zai ɗaga hannu yana zaune, ba sai ya miƙe ba. Ƙudiri ba ya buƙatar mai mara baya. Ba a ƙayyade sau nawa mutum zai yi magana a kan batu ba. Ana iya tattauna al'amari tun kafin a gabatar da ƙudiri a kansa. Shugaba ma yana iya sa baki a muhawara, ya jefa ƙuri'a kamar kowa. Majalisun ƙananan hukumomi da yawa girmansu bai wuce haka ba, amma sai ka ga ana tafiyar da zaman mutum 9 da tsarin da aka yi wa taron mutum 500. Ɓarnar a fili take: kansila ɗaya tilo daga jam'iyyar adawa ya kawo batun unguwarsa, babu wanda ya mara masa baya, shugaba ya ce batun ya mutu, ba a ko ji dalilinsa ba. Hikimar mara baya ita ce kada mutum ɗaya ya ɓata wa ɗaruruwa lokaci. A zauren mutum 9, mutum ɗaya wakilin mazaɓa ce sukutum. A ganinmu majalisa ta faɗa a dokokinta ƙarara wane tsari take bi, na ƙaramin zama ko na babba, domin littafin ya bar maganar a kan "kimanin", kuma majalisa mai kujeru 13 za ta iya kwana tana jayayya a kai.

Sai maganar adadin da dole ya hallara kafin zama ya halatta. Idan ba a rubuta komai ba, littafin ya ce fiye da rabin mambobi. Dokar wuri na iya faɗin wani abu daban, kuma ita za a bi. A Ingila, alal misali, dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta sa kashi ɗaya cikin huɗu ga manyan majalisu, kashi ɗaya cikin uku ga majalisun ƙauyuka, muddin ba su gaza mutum 3 ba. Inda littafin ya yi kyau shi ne bayanin abin da za a yi idan adadin bai cika ba. Abu huɗu kawai ya halatta: a sa ranar da za a ci gaba, a tashi, a tafi ɗan hutu, ko a ɗauki matakin nemo waɗanda ba su zo ba. Duk wani hukuncin da aka yanke bayan waɗannan ba shi da ƙarfi, sai in zaman da ya cika ya zo ya amince da shi daga baya, kuma ba dole ba ne ya amince. Ya kuma yi gargaɗin da ya dace: idan an fara da cikakken adadi, mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ana ɗauka adadin na nan har sai shugaba ko wani mamba ya jawo hankali. Wanda ya zo bayan mako guda yana cewa ai lokacin da aka yi ƙuri'ar mutane sun ragu, sai ya kawo hujja mai ƙarfi. Maganin wannan yana hannun akawu: ya riƙa rubuta lokacin da kowane mamba ya fita da lokacin da ya dawo.

Akwai rami a nan da ya kamata kowace majalisa ta toshe da hannunta. A wurin Robert, rinjaye yana nufin fiye da rabin ƙuri'un da aka jefa, kuma wanda ya yi rowar ƙuri'a ba a lissafa shi. Ɗauki majalisa mai kujeru 11. Mutum 6 sun hallara, zama ya halatta. An kawo ƙudirin kashe kuɗi, 2 suka ce e, 1 ya ce a'a, 3 suka yi shiru. A bisa littafin ƙudirin ya wuce. Mutum 2 cikin 11 sun ɗaure baitulmalin jama'a. Ga ƙungiyar sa-kai wannan ba komai ba ne, wanda ya ƙi magana shi ya so. Ga hukumar da ke riƙe da amana kuwa bai dace ba. Majalisa ta rubuta cewa kasafin kuɗi, cin bashi, sayar da kadara da kafa sabuwar doka suna buƙatar rinjayen dukkan kujeru, wato 6 cikin 11, ko da mutum nawa suka hallara.

Lissafin kashi biyu cikin uku ma yana rikita mutane fiye da yadda ake zato. Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka ƙuri'un masu cewa a'a sau biyu. Idan masu cewa e sun kai wannan adadi ko sun wuce, an samu. Idan mutum 9 suka jefa, ana neman 6. Idan 10 ne, 7. Idan 11 ne, 8, domin 7 da 4 bai kai ba. Kuma ba a yanke irin wannan da ƙuri'ar murya. Kunne ba ya iya bambanta rinjaye da kashi biyu cikin uku, sai an miƙe ko an ɗaga hannu.

Ƙuri'ar shugaba ita ce inda littafin ke karo da abin da kansiloli da yawa suka sani. A tsarinsa, kunnen doki faɗuwa ce. Idan aka yi 5 da 5, ƙudiri bai samu rinjaye ba, shi ke nan. Shugaban babban taro yana riƙe ƙuri'arsa, ya jefa ta a ƙuri'ar sirri ko idan za ta sauya sakamako, ko dai ya raba gardama ko ya haddasa kunnen doki don ƙudirin ya faɗi. Abin da ba ya yi shi ne jefa ƙuri'a sau biyu. A majalisun Ingila kuwa doka ta ba mai jagorantar zama ƙuri'a ta biyu ta raba gardama. Tsari biyu ne mabambanta, kowane da hujjarsa, kuma majalisar da ta gaji na biyun ta kuma ɗauki littafin ba tare da ta duba ba, za ta gano saɓanin ne a ranar da ya fi muni, ranar da aka rabu gida biyu a kan babban batu. Layi ɗaya a dokokin zama ya isa ya kawar da wannan.

Wajen jera ƙudirori littafin ba shi da na biyu, ko da yake nan ne ma yake tsoratar da sabon shiga. Ƙudirori 13 ya jera bisa fifiko, daga babban ƙudiri a ƙasa har zuwa na sa lokacin ci gaba da zama a sama, kuma na sama yana iya shigowa a kan na ƙasa, ana warware su daga na ƙarshe zuwa na farko. Kansila ba ya buƙatar haddace su duka. Gyara yana tsayawa a hawa biyu, gyara da gyaran gyara, babu na uku. Muhawara kuwa a babban zama kowa sau biyu a kan batu ɗaya a rana, minti 10 kowane karo, kuma ba a yin na biyu sai duk mai son magana ya yi na farko. Minti 10 ya yi yawa ga zaman da ke da batutuwa 20 a ajanda. A rage shi zuwa 3 ko 5 a rubuce.

Guda biyu daga cikin jerin ne ake zaluntar marasa rinjaye da su, kuma littafin ya tsaya a kansu da gaske. Na farko rufe muhawara. Wani ya ɗaga murya daga kujerarsa ya ce a kaɗa ƙuri'a kawai, shugaba ya buga guduma, magana ta ƙare. Wannan ba daidai ba ne. Rufe muhawara ƙudiri ne mai zaman kansa: sai an ba mutum izinin magana, ya gabatar da shi, a kaɗa ƙuri'a a kansa, ya samu kashi biyu cikin uku, domin haƙƙin magana ake ƙwacewa. Na biyu shi ne ɗora batu a kan tebur. Nan akwai tarkon harshe. A al'adar majalisun Ingila da waɗanda suka gaje ta, ɗora takarda a kan tebur gabatar da ita ne. A Amurka, kuma a wannan littafi, jingine ta ne. An tanadi wannan ƙudiri don a ajiye batu na ɗan lokaci saboda wani abin gaggawa ya taso, shi ya sa ba a muhawara a kansa kuma rinjaye kawai yake nema. Masu wayo sai su yi amfani da shi su binne batun da ba sa so ba tare da an ce uffan ba, tunda idan ba a ɗauko shi ba kafin ƙarshen zama na gaba ya mutu. Shugaba nagari zai tambayi mai ƙudirin mene ne abin gaggawar. In babu, sai ya nuna masa hanyar da ta dace: ɗage batun zuwa zama na gaba, ko tura shi kwamiti, ko ɗage shi ba ranar dawowa, waɗanda duk ana muhawara a kansu.

Komawa kan hukuncin da aka riga aka yanke yana da ƙofa biyu, kuma ana yawan ƙwanƙwasa wadda ba ita ba. Sake duba ƙuri'a sai wanda ya jefa tasa a ɓangaren da ya yi nasara ne zai nema, kuma a zaman kwana ɗaya sai a ranar. Majalisar da ke zama sau ɗaya a wata, idan ta tashi, wannan ƙofa ta rufe. Abin da ya rage shi ne soke hukuncin ko yi masa gyara, wanda kowane mamba zai iya kawowa. Idan an ba da sanarwa tun kafin zama, rinjaye ya isa. Idan ba a bayar ba, sai kashi biyu cikin uku, ko rinjayen dukkan mambobi. Ba a soke abin da aka riga aka aikata wanda ba ya warwaruwa, kuma ba a sake duba ƙuri'ar kwangila bayan an sanar da ɗan kwangilar. Raunin da ke nan shi ne littafin bai hana a dawo da batu ɗaya a kowane zama ba. Majalisu da dama a Ingila suna toshe wannan da ƙa'idar wata 6, cewa ba a taɓa hukuncin da bai kai wata 6 ba sai adadin mambobi kaza sun sa hannu. Abin koyi ne.

Game da rubuta bayanin zama, matsayinsa a 48:2 shi ne a rubuta abin da aka yi, a bar abin da aka faɗa. Kalmomin ƙudiri daidai yadda aka kaɗa ƙuri'a a kansu, sunan wanda ya gabatar, sakamako, adadin ƙuri'u idan an ƙidaya, sunaye idan an kira suna ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana sauƙaƙa wa akawu, yana kuma kashe rigimar "ba haka na ce ba" da ke cinye rabin sa'ar farko. Amma ga hukumar jama'a a ƙara abu biyu: a kira suna a duk ƙuri'ar da ta shafi kuɗi, don mai zaɓe ya san inda wakilinsa ya tsaya, sannan a rubuta dalilin hukunci a taƙaice a inda za a iya kai majalisa kotu, kamar hana lasisi ko rushe gini.

Inda littafin ya gaza da gaske wurare uku ne, kuma dukansu daga asalinsa suka samo tushe. Na farko shi ne kansilan da ke da wata maslaha a batun da ake tattaunawa. A 45:4 cewa ya yi bai kamata mamba ya jefa ƙuri'a a kan abin da yake da riba ta kansa a ciki ba, amma ba za a tilasta masa ya janye ba. Wannan ya yi sako-sako ga wanda kamfanin ƙaninsa ke neman kwangilar gyaran kasuwa. Majalisa na buƙatar doka mai haƙori: a bayyana maslahar a farkon zama, a rubuta, mutum ya fita daga zauren har a gama, kuma a faɗi ko za a lissafa shi cikin adadin zama a kan wannan batu. Na biyu sanarwa ga jama'a. Littafin ya damu da sanar da mambobi, bai ɗora wa kowa nauyin sanar da mutanen gari ba. Dokokin wurare ne ke yin wannan aiki. A jihar Kalifoniya dokar Brown ta 1953, da gyare-gyaren da aka yi mata, ta wajabta a kafe ajanda sa'o'i 72 kafin zaman yau da kullum, sa'o'i 24 kafin zama na musamman. Na uku maganar jama'a a zauren. 'Yan layuka kaɗan ya ba ta, cewa waɗanda ba mambobi ba ba su da haƙƙin magana sai abin da majalisa ta ba su ƙarƙashin kulawar shugaba. Minti nawa kowa zai samu, a wane mataki na ajanda, yaya za a yi da wanda ya ƙi zama, wane batu ne ya halatta a rufe ƙofa a kansa, duk majalisa ce za ta rubuta. Wannan ne ɓangaren zama da talaka ke gani da idonsa, kuma da shi yake auna ko ana jin sa.

Yabo ɗaya da ba za a hana shi ba: ya ba mamba hanyar ƙalubalantar shugaba ba tare da an kai ga ɗaga kujera ba. Wanda ya ga an karya doka sai ya jawo hankali nan take, shugaba ya yanke hukunci. Idan bai gamsu ba ya nemi majalisa ta duba hukuncin, kowa ya yi magana sau ɗaya, shugaba sau biyu, a kaɗa ƙuri'a. Sai rinjaye ya saɓa wa shugaba hukuncinsa ke faɗuwa. Kunnen doki yana tabbatar da shi. Shugaban da ya fahimci wannan ba ya jin an ci masa fuska, domin nauyin ya tashi daga kansa ya koma kan majalisa.

To wa zai saya? Babban littafin kwafi biyu sun isa, ɗaya a teburin akawu, ɗaya wurin lauyan majalisa. Ga kansiloli akwai ƙaramin da masu bugun suka fitar da kansu, In Brief, bugu na 3 wanda ya fito tare da na 12 a 2020, shafi 200 da 'yan kai, yana kuma nuna lambar sakin layin babban a duk inda ake son ƙarin bayani. Ba a ɗaukarsa a matsayin dokar majalisa, jagora ne kawai. Turancin babban littafin irin na lauyoyi ne, jimla ɗaya na iya cin layi shida, don haka majalisar da ke muhawara da wani harshe ta fassara jadawalin ƙudirorin da ta fi amfani da su a takarda ɗaya, ta daidaita kalma guda ga kowane ƙudiri, ta manna a gaban kowace kujera. Sannan ta rubuta nata dokokin zama, shafi 10 zuwa 15, masu ɗauke da adadin zama, ƙuri'ar shugaba, tsawon magana, maslahar mamba, sanarwa da lokacin jama'a, da sharuɗɗan halarta ta intanet idan doka ta yarda, tunda littafin bai amince da irin wannan zama ba sai an rubuta izininsa. A sakin layi na ƙarshe ne za a ambaci sunan Robert, da kalmomin "bugun da ke aiki a lokacin", cewa shi za a duba a duk abin da dokar ƙasa da waɗannan dokoki suka yi shiru a kansa.